Ramin Gafiya a Makiyayar Kakana

Shekarar korona ina gadi a wani filin atisaye da ake shiryawa don gasar cin kofin duniya a nan Doha, sai aka kawo ciyawa a nannaɗe kamar tabarma ana shimfiɗawa. Da aka sakar mata ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ratso takunkumin fuskata. Ni wannan ƙamshi ba abin daɗi yake tuna min ba.

Kakana yana da shanun huɗa biyu, ja da fari, kuma da su gidanmu ke ci. Makiyayarsu tana bayan gari, inda gafiyoyi suka yi gida. Da ruwan fari ya sauka, za ka ga sun turo ƙasa tsibi-tsibi a bakin ramukansu. Tsohon yakan tura musu hayaƙin ƙaiƙayi, ya cika ramin da duwatsu. Wanda bai kai gare shi ba kuwa, ba ya yarda a taɓa tsibin. Yakan ce sa yana ganin tudu zai kauce.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, baffana ya zo daga birni dubiya. Mutum ne mai son tsafta, ko takalminsa ba ya yarda ya yi ƙura. Ya ga makiyaya duk tuddai, ya ɗauki shebur ya baje su sumul, yana ganin ya hutar da mahaifinsa. Ciyawa ta fito ta rufe komai.

Ina tsaye jan san ya zurma ƙafar gaba cikin ramin gafiya. Ƙarar karyewar ƙashin tana kunnena har gobe. Kafin azahar an yanka shi.

Aka riƙo kakana har wurin. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce da baffa, “Ai alamar ka share musu, ɗana.” Naman ma bai ci ba.

Sa ɗaya ba ya huɗa. Da galma iyayenmu suka yi noman shekarar, hatsin kuma bai kai mu bazara ba. Baffa ya koma birni, kunya ta hana shi zuwa gida har tsohon ya rasu aka binne shi ba ya nan, alhali ba wanda ya kore shi. Wannan ya fi rashin san yi min ciwo.

Yanzu an yanka makiyayar fulotai, ba mai ɗaure sa a gidanmu. Baffa ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Kwanaki na kira shi a waya, muna cikin gaisawa ya ce, “Can ƙasar taku akwai gafiya?”

Na ce, “Babu, Baffa, siminti ne da yashi.”

Ya ce, “Da a can aka haife ni, da na binne ubana.”