Mai Baƙar Lema a Bangon Aure

Sonki tana da shekara tara uwarta ta miƙa mata tsinken gora, ta ce ta tauna bakinsa har ya yi laushi. Da shi ta koyi zane da ƙullun shinkafa a bangon da aka shafe da jar ƙasa. Kafin ta kai ashirin, a ƙauyukan ƙabilar Warli na bayan garin Dahanu ba a yin aure sai an aiko mata. Ita ke zana cauk, ɗakin nan mai kusurwa huɗu da Palghat, uwar haihuwa da suke bauta wa, ke zaune a cikinsa. Ta kewaye shi da masu rawa, kowa alwatika biyu da ɗigon kai, ba a gane mai kuɗi da talaka.

Mijinta Nabsha yana saran itace a ƙarƙashin Ladku, ɗan ƙauyensu da wani ɗan kwangila ya ɗora kan leburori. Ladku ba ya rabuwa da baƙar lema, rani da damina. Wata rana iska ta taso, Nabsha ya ce bishiyar ta karkata, a dakata.

Ladku ya zungure shi da lemar. "Sara, malalaci. In tsoro kake ji, koma gida ka taya matarka taunar tsinke."

Bishiyar ta faɗo wa Nabsha, nan take ya mutu. Da aka zo bincike, Ladku ya ce ai mamacin bammi ya sha ya bugu. Sauran leburori suka sunkuyar da kai, kowa na tsoron bakin aikinsa.

A al'adarsu, wadda mijinta ya mutu ba ta taɓa bangon aure. Ke nan Ladku ya raba ta da miji, ya ɓata masa suna, ya kuma karɓe tsinken daga hannunta. Sonki ta koma mai waƙar aure, aikin da aka bar wa irinta, tana koya wa matan aure zane. Shekara goma sha bakwai tana gaida Ladku a hanya, ba ta taɓa nuna masa komai a fuska ba.

Ladku ya yi shanu, ya shiga majalisar ƙauye, ya nema wa ɗansa 'yar babban gida daga Talasari. Da kansa ya zo wurin Sonki, yana mata magana kamar ɗan uwa.

"Matar ƙanena, bango nake so wanda surukaina ba su taɓa ganin irinsa ba."

"Za su gani, Yaya."

Ta zaɓo mata uku cikin ɗalibanta, ta zauna a tabarma, hannunta a cinya. Da suka gama cauk, ta ce, "Nan gefe ku sa bishiya, ta karkata. Ƙarƙashinta mutum da gatari. Bayansa wani, ku ba shi lema, bakinta a bayan mai gatarin." Matan suka dubi juna, ba wadda ta ajiye tsinke. Aka rufe bangon da mayafi kamar yadda aka saba.

Da hantsi, gida cike da baƙi, aka yaye mayafin. Uban amarya ya matso, ya daɗe yana kallo.

"Inna, wannan mai lemar fa?"

Sonki ta amsa masa da waƙa, da muryar da take kiran alloli da ita, tun daga iskar har zuwa ƙaryar bammi. Tsoho Jetiya, wanda ya yi sara tare da Nabsha, ya miƙe. "Ina wurin. Ko ruwa bai sha ba ran nan."

Ladku ya damƙo taɓo zai shafe. Uwar amarya ta tare shi. "Ka taɓa bangon Palghat ran auren 'yata, mu juya da ita yanzu."

Aka ɗaura aure, bangon ya zauna. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya, yaran gida su ba shi labari. Ladku ya daina cin abinci a ɗakin, ya koma rumfar shanu. Da zaɓe ya zo, ko 'yan uwansa ba su ɗaga masa hannu ba.

Bayan damina uku ya mutu. Sonki na dashen shinkafa, ruwa har gwiwa, aka kawo mata labari. Ta miƙe ta dafa ƙugu.

"Ya yi gaggawa," ta ce, ta sunkuya ta ci gaba da dashenta.