Malam Yusha'u da Ƙaryar Ranar Litinin

Shekara tara ke nan da muka ɗauki Malam Yusha'u daga gidansa na Indabo muka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan tara iyalina mu yi masa addu'a, in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da na gani da idona a makarantar da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyarwa.

Ga wanda bai san shi ba, malamin Turanci ne na firamare. Bai taɓa zama hedimasta ba, bai kuma nema ba. Tare muka tashi, sai shi aka sa shi boko, ni kuma na bi kawuna fataucin shanu. Na zauna a Kumasi da Marwa da Njamena, na yi shekaru a Jidda. Larabci a bakin masu shi na kama shi, Fulatanci a ruga da kara, Faransanci kuwa a kan iyaka, gaban jandarmomi. Shi iyakar tafiyarsa Zariya, sai aikin Hajji sau ɗaya. Amma Turancin da nake magana da shi yau, a zaurensa na same shi.

Abin da ya kai ni zauren nan abin kunya ne. Wata shekara na kora shanu kudu, wani likitan dabbobi mai kaki ya tsayar da ni a hanya yana yi mini tambayoyi da Turanci. Duk abin da ya ce, ni dai "Yes sir." Ashe tambayata yake ko shanun suna tari, ko sukan ƙi cin ciyawa, ko wasu sukan faɗi a hanya. Lafiyarsu ƙalau, amma da bakina na ɗora musu ciwo. Aka tsare su mako biyu a wani fili da ko tsinke babu, suka fito ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Da na dawo na ba Yusha'u labari ya yi dariya har da hawaye, sannan ya goge ido ya ce, "Ila, ko da ka ji abin da yake cewa, haka za ka amsa. Bakinka bai saba cewa a'a a gaban mai kaki ba."

A kan wannan fahimta ya gina koyarwarsa. Kowace Litinin yakan shiga aji ya ajiye alli, ya fara sharara ƙarya. Sai ya nuna yaro ya ce, "You eat grass every morning," wato wai yaron yakan ci ciyawa kowace safiya. Dole yaron ya miƙe ya dube shi ya ce, "No, I don't eat grass." Sai ya nuna wata da take zaune ido biyu ya ce, "Binta is sleeping." Ajin ya amsa, "No, she isn't sleeping." Daga nan wanda aka yi wa ƙarya shi ma yana da haƙƙin tambaya ɗaya, ya mayar wa malam. Ka ji ɗan shekara tara yana cewa, "Do you eat grass, sir?" ajin ya tuntsire da dariya, malam ya haɗa fuska ya ce, "No, I don't."

Bayaninsa gajere ne, kuma da Hausa yake yi. Yakan ce abin da mutum yakan yi daban, abin da yake yi yanzu daban. Masunci yakan kama kifi a kogin Wudil kullum, amma yanzu da yake sahun Juma'a ba ya kamawa. Idan maganar yanzu ce, Turanci ya riga ya ba ka "is" ko "are", sai ka liƙa musu "not", ko ka jawo su gaba idan tambaya ce. Idan kuwa maganar al'ada ce, Turanci ba ya iya musu ko tambaya shi kaɗai, sai an kira masa ɗan rakiya, "do" ko "does". Kuma idan "does" ya iso, shi yake karɓe hular "s" daga kan aikatau, don mutum biyu ba sa sa hula ɗaya. Ni da na ɗanɗana harsuna na san wannan ɗan rakiyar baƙon abu ne. Bafaranshe yakan sa aikatau a tsakanin kalmomi biyu kamar yadda muke yi da "ba" da "ba". Balarabe kalma ɗaya yake jefawa a gaba ya wuce. Bature ne kaɗai na gani yana neman mai raka shi kafin ya ce bai yi ba.

Amma Yusha'u ya sha gaya mini cewa ɗan rakiya ba shi ne mai wuya ba, a mako uku yara sukan kama shi. Mai wuyar shi ne yaron da aka tarbiyyantar a kan ba a musu da babba. Ka ce masa yana cin ciyawa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yes sir." Na taɓa leƙawa na tarar da shi tsaye gaban wani yaro har aka kaɗa ƙararrawa, bai tsawata ba, bai taɓa bulala ba, jira kawai yake yaron ya ɗago.

Wannan duk a da ne. Yanzu ga abin da ya hana ni shiru.

'Yarsa Rakiya ta gaje shi, tana koyar da Turanci a makarantar nan, ta kuma dawo da darasin Litinin. A ajinta akwai wata yarinya mai suna Safiya, 'yar Alhaji Mudi, dillalin shanu a kara. Wata rana Mudi yana hira da baƙi a gidansa, ya ce 'yar nan tasa sai rana ta fito take tashi. Yarinya tana zuba musu ruwa ta ce, "A'a Baba, da asuba nakan tashi. Kai ne ba ka ganina, ka riga ka fita." Baƙi suka yi dariya, Mudi bai yi ba. Ya bi diddigi har ya gano inda ta koyo, ya kai ƙara makaranta. Hedimasta, mutumin kirki amma mai gudun hayaniya, ya ce Rakiya ta dakatar da darasin har a yi taron iyaye, in kuwa ta ƙi, zai nemi a canja mata makaranta.

Rakiya ta zo gidana ta durƙusa ta gaishe ni, muka daɗe muna gaisawa kafin ta iya faɗa. "Baffa, abu ɗaya mahaifina ya bar mini da hannuna zai iya riƙewa, shi ma za a karɓe."

Na je na ga abin da aka maye gurbin darasin da shi. An cika allo da jeri, yara suna rerawa baki ɗaya, "I do not, you do not, he does not," har bango yana amsawa. Na tsayar da wani yaro na tambaye shi, "Do you live in Indabo?" Ya ƙame ya ce, "I do not, you do not, he does not." Raina ya ɓaci ƙwarai. Wannan ba laifin yaron ba ne, abin da aka ba shi ya mayar mini. Irinsa nake gani sun girma a tashar Wudil, Turanci na zuba a bakinsu kamar ruwan famfo idan hira ce, amma ka kai ɗayansu gaban likita ko ma'aikacin banki, ba zai iya haɗa tambaya ɗaya ba, ba zai iya cewa ba haka ba ne. Na ga yaran Kumasi suna tsayar da malami da tambaya har ya yi gumi. Na ga na Jidda suna musu da mai kanti kamar sa'anninsa, har abin ya wuce gona da iri. Ban ce mu zama su ba. Amma tsakanin rashin kunya da "Yes sir" ga mai cewa kana cin ciyawa akwai fili mai faɗi, a cikinsa Yusha'u ya yi noma shekara da shekaru. Da yana raye ya ji wannan rerawar, na san ba zai yi faɗa ba. Gefen taga zai tsaya ya ce, "To, duk sun iya cewa a'a, saura su sami wanda za su ce wa."

Aka yi taro bayan la'asar a gindin darbejiyar makaranta. Na faɗi abin da na sani, har da labarin shanuna. Mudi ya bari na gama, ya ce, "Alhaji Ila, kai ka zaga duniya ka kwaso ɗabi'un mutane. Mu nan muna nan yadda ka bar mu."

Na ce, "Mudi, a kara idan mai sa ya rantse maka sansa bai taɓa ciwo ba, yes sir kake ce masa?"

"Wannan ai kasuwa ce."

"Ita 'yar taka a ɗaki za ta ƙare rayuwarta?"

Ya gyara zama. "Kai za ka yarda 'yar cikinka ta ƙaryata ka a gaban jama'a?"

Na ce zan yarda. Ya ce to a gani. Aka tsayar cewa Litinin mai zuwa ni zan shiga ajin in yi ƙaryar da bakina, shi kuma ya tsaya ya kalla.

Ranar na shiga da sandata, Rakiya tana gefe, Mudi ya jingina da taga daga waje. Na nufi Safiya na ce, "Safiya, your father sells fish." Wato ubanta, dillalin shanu, wai kifi yake sayarwa. Yarinya ta miƙe. Ta dube ni, ta dubi taga, ta dubi ƙasa. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Yes sir."

Mako uku kacal da dakatar da darasin. Na dubi Rakiya na ga ta juya fuska wajen allo. Ban san lokacin da na ƙara maimaitawa ba, da ƙarfi, ina nuna tagar da sanda. Mudi ba ya jin Turanci sosai, amma "fish" bai ɓace masa ba. Ya cusa kai ta taga ya ce, "Ke! Ni ne nake sayar da kifi? Kina tsaye ana mayar da ubanki mai kifi?"

Sai yarinya ta ɗago. "No, he doesn't sell fish. He sells cows."

Ajin ya ɗauki tafi. Rakiya ta tuna mata tana da tambaya ɗaya. Safiya ta dube ni tsakiyar ido ta ce, "Do you tell lies every day, sir?" Wato ko kullum nakan yi ƙarya.

Zan faɗi gaskiya tunda ita ta kawo ni. Na ji haushi. Ni, da furfurata, 'yar da ban girmi kakanta da yawa ba tana tambayata haka a gaban mutane. A wannan lokacin na gane abin da Mudi ya ji a gaban baƙinsa, na kuma gane abin da Yusha'u ya riƙa haɗiyewa kowace Litinin da gangan, yana murmushi. Na haɗiye nawa na ce, "No, I don't. Only on Mondays."

Kada mai karatu ya zaci an yi nasara. Mudi bai janye ƙararsa ba, cewa ya yi wannan dai ya bari ne saboda kifin. Hedimasta ya yanke hukuncin da ba zai ɓata wa kowa ba: Rakiya ta zauna a makarantarta, amma kada yara su ƙara musu da malamarsu. Sai dai idan wani dattijo ya kawo kansa da ƙafarsa ya nemi a ƙaryata shi, wannan ba ruwan makaranta. Har yau in na tuna wannan hukunci sai takaici ya kama ni. Abin da mutum ɗaya ya yi shi kaɗai da alli, yanzu sai an yi masa dabara kamar kayan fasa-ƙwauri.

Saboda haka kowace Litinin nakan hau mota daga Wudil zuwa Indabo, da gwiwar nan tawa da ba ta son tafiya. Na nemi dattawa biyu su riƙa karɓata, ɗaya ya ce girmansa ya wuce haka, ɗayan ya ce zai yi tunani, yana nan yana yi. Ban san wanda zai shiga ajin nan ba ranar da gwiwar ta ƙi gaba ɗaya.

Yusha'u bai bar littafi ba, bai bar gini mai sunansa ba. In an tambaye ni me ya rage nasa bayan shekara tara, abin da zan iya nunawa kaɗan ne: 'ya ɗaya da ta ƙi sakin hanyarsa, da aji ɗaya, da tsohon bafatake da ya koma maƙaryacin Litinin. Wannan makon na dogara sandata da ƙyar na isa gaban allo, ina haki, na ce musu, "I am running." Ba su dubi taga ba, ba su dubi ƙasa ba. Baki ɗaya suka ce, "No, you aren't!" har masu wucewa a titi suka waigo.

Allah Ya gafarta maka, abokina. Litinin mai zuwa ma, in da rai, zan je su ƙaryata ni.