Masallacin Zinariya na Adda Kulu

Ranar wata Alhamis, saura kwana uku a ɗauki azumi, a shekarar da nake aji huɗu na firamare, mahaifinmu ya dawo daga Sakkwato da wata takarda a naɗe a hammatarsa. Tela ne a kasuwar Bodinga. Ya je sayo wani ƙarfe na keken ɗinkinsa, sai mai shagon ya haɗa masa da tsohuwar kalanda wadda shekararta ta riga ta wuce. Niyyar Baba a yayyanka ta a yi wa littattafaina bango. Ina cikin warware ta a tsakar gida, yayata Kulu, wadda muke kira Adda, ta ɗago daga tabarmarta a gindin dogon yaro ta ce in kawo ta gani. A shafin farko akwai wani gini mai hawa uku, samansa duk zinariya, yana tsaye a bakin tafki, ga wani irinsa a kife cikin ruwan. Adda ta daɗe tana kallo. Can sai ta ce wa Baba, in dai bango ne, ai takardar buhun siminti ma tana yi. Haka littattafaina suka ƙare shekarar sanye da buhun siminti, kalanda kuma ta hau ƙusa a ɗakin Inna, daidai inda Adda ke kwanciya.

Adda ta girme ni da shekara huɗu, amma baƙo sai ya ɗauka ƙanwata ce. Da amosanin jini aka haife ta, wanda asibiti ke kira sikila. Tun tana aji uku aka cire ta daga makaranta, saboda kwanakin jinyarta sun fi na zuwanta yawa. Ni kuwa duniyata faɗi gare ta: ɗebo ruwa a rijiyar bayan masallaci, yankan ciyawar tumaki, langa da ƙwallon tsumma a filin makaranta, da rani kuma a bi kawu fadamarsa ta Danchadi a ci tumatir ɗanye har ciki ya ɓaci. Tata duniyar ba ta wuce ɗakin Inna da inuwar dogon yaro ba, sai hanyar asibiti. A nan take tsince shinkafa, ta ɓare gyaɗa, ta jira in dawo in ba ta labarin wanda aka yi wa bulala yau.

Mun san kalandar ta ƙasar Japan ce, domin sunan na rubuce, kuma mun san sunan a jikin rediyon Baba da babur ɗin maƙwabcinmu. A wurinmu Japan gari ne da ake ƙera abin da ba ya lalacewa. Sauran bayanin da ke ƙasan hotunan ya fi ƙarfin Turancina, don haka muka dogara da ido. A shafi na uku ga mutane tsaye a gaban wani kwamin dutse, riƙe da dogayen ludaya na gora, suna wanke hannu, wata tsohuwa tana kurkure baki. A wani shafin kuma ga takalma jere a bakin matakala, masu su sun shige ciki. Duk ɗan Bodinga da ya ga mutane sun wanke hannu da baki sun tuɓe takalma sun shiga babban ɗaki ya san inda suka shiga. Muka yanke hukunci cewa masallatai ne. Rashin ɗankwalin matan ya ɗan dame mu, amma Adda ta ce malaman garin ne ba su da zafi.

Daga nan muka fara yawon buɗe ido. Kullum in na gama aikin gida bayan la'asar, sai a sauko da kalanda. Adda ce shugabar tafiya, kuma dokarta ɗaya, ba a buɗe shafi sai an cire takalmi. Mukan shiga motar Sakkwato a tashar Bodinga, daga Sakkwato kuma, a lissafinmu, Japan ba wani nisa. Mun bi ta cikin jajayen ƙofofin nan da suke jere a bayan juna har kan dutse, Adda tana ƙorafin cewa mutumin da ke da ƙofa da yawa haka ba ya son baƙi. Mun tsaya a wani fili na farar tsakuwa da aka bi da manjagara aka ajiye 'yan duwatsu a tsakiya, muka tausaya wa mai gonar da ya yi sharar da ta kai haka bai samu iri ba. Mun halarci bikin da muke kira sallarsu, inda maza suka kama igiya suna jan wani amalanken katako mai tsawon bene, ƙafafunsa sun fi mutum tsawo, masu sarewa na zaune a sama. A nan Adda takan aike ni in sayo mata alewa, in kuma na dawo da wuri ta ce ƙarya nake, cunkoson ya fi haka.

Amfanin wannan yawo na gaske sai ranar da ciwo ya tashi. Da damina ya fi tasowa, in an yi ruwa gari ya yi sanyi. Ƙasusuwanta su ɗauki zogi, ta dunƙule, Inna tana gasa mata gaɓoɓi da tsumma mai ɗumi. Adda ba ta cika kuka ba. Abin da takan ce kawai shi ne, "Bello, taho ka kai ni masallacin zinariya." Sai in zauna a gefen gadon in fara tun daga tasha, a hankali, in faɗi inda muka sauka, da bishiyoyin da muka wuce, da sanyin ruwan da muka yi alwala da shi. In na yi sauri ta ce in rage, ƙafarta na ciwo. Sau da yawa kafin mu kai bakin tafkin numfashinta ya daidaita. Inna, wadda ba ta taɓa duba kalandar da kyau ba, ita da kanta take leƙowa waje ta kira ni daga wasa in zo in yi rakiya.

Da na shiga aji biyar aka kawo mana sabon malami, Malam Sahabi, mutumin Dandin Mahe, mai son labarin ƙasa. Ranar da ya ce gobe za mu yi nahiyar Asiya, washegari da sassafe na lallaɓa na ɗauke kalandar, Adda tana barci, na tafi da ita makaranta don a san ni ma na san duniya. Na miƙe a gaban aji na gabatar da masallatan Japan ɗaya bayan ɗaya. Malam bai yi mini tsawa ba. Ya karanta rubutun, ya yi murmushi, ya bayyana cewa garin sunansa Kiyoto, tsohon mazaunin sarakunansu, gine-ginen kuma ɗakunan ibada ne na addinansu, a cikin wasu akwai mutum-mutumi, wankin hannun kuwa tsarkinsu ne na al'ada. Aji ya kwashe da dariya. Kafin a tashi tara na samu sarautar Limamin Japan, har da masu bina a baya suna cewa amin.

Da wannan zafin na iso gida. Adda na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake, ta ga kalandar a hannuna, ta buɗe baki za ta yi faɗa, na riga ta. "Ke kis sa anka yi mani dariya," na ce, sannan na zazzage mata darasin Malam Sahabi gaba ɗaya, har da ƙarin da bai yi ba. Ban manta komai ba, domin ni yaro ne mai riƙe karatu. Ta saurara har na gama. Ta ce, "To, alwallar hwa?" Na ce ba alwala ba ce. Ta juya wake a faifai, sannan ta faɗa wa Inna, ba ni ba, cewa fiye da shekara guda ke nan duk sallar da ta yi sai ta roƙi Allah Ya ba ta lafiya ta je ta yi raka'a biyu a ɗakin nan na bakin tafki. Ta ce a ɗauke kalandar.

Ba wanda ya tilasta mata. Baba ya ce hoton gini ne kawai, ba laifi. Malamin allo na unguwarmu, da Inna ta aika masa, ya ce Allah niyya Yake dubawa, yarinya ba ta yi zunubi ba. Adda ta ji duka ta ce to, amma ba ta sake tambayar kalandar ba. Inna ta naɗe ta ta cusa a saman rumbu, gara ta yi aikinta. Da ciwo ya sake tashi, na jira a kira ni, ba a kira ni ba. Na shiga da kaina na tarar tana kallon azarar ɗaki, leɓenta a cije. Na ce ko mu tafi, ko wani garin ne, ko Makka ce ma. Ta ce, "Bari, Bello, na gaji da yawo." Na yi niyyar ba ta haƙuri, amma a lokacin ban ga yadda mai gaskiya zai ba da haƙuri ba, sai na bari sai gobe.

Da kaka aka tura ni Shagari wurin gwaggona in taya su ɗaurin gero. Kwana tara na yi. A rana ta goma da hantsi wani ɗan'uwan Baba ya zo da keke ya ce in shirya. Ko da muka iso Bodinga, maza sun riga sun dawo daga maƙabarta suna wanke ƙafa a ƙofar gida.

Yau shekarata talatin da wani abu ina koyarwa, yawancinsu a Shagari, kuma na karanta labarin Kiyoto fiye da yadda malamin ƙauye ke bukata. Na san ta yi fiye da shekara dubu tana fadar ƙasa, na san yadda mutanenta ke lallaɓa ɗakin katako, in ya ƙone su sake gina shi a inda yake. Mu kuwa ba ma gina kabari. Damina uku ta isa ta daidaita shi da ƙasa. Baba ne ya san inda aka sa Adda, ya kuma rasu ban tambaye shi ba, Inna kuwa mace ce, ba ta taɓa taka wurin ba. In na biyo ta maƙabartar Bodinga sai in tsaya daga bakin shinge in yi addu'a ga kowa da kowa, da fatan tana ciki. Abin da na faɗa mata ranar nan babu kuskure ko ɗaya a cikinsa, kuma duk rayuwata ban yi maganar da na fi nadama ba.