Sunana a Bakin Baba

Shekara biyu ke nan da korona ta ɗauke Baba a nan Doha, kuma har yau ban huce da wani ƙauye a arewacin Ingila ba, ƙauyen da ko hanyarsa ban sani ba.

Baba malamin tarihi ne a wata jami'a a nan. Rabin rayuwarsa a kan wannan ƙauye ya ƙare, da wani gidan manyan masu gonaki da ke cikinsa, 'yan Katolika da suka ƙi bin cocin sarki lokacin da ƙasar ta juya musu baya. Rajistar cocin ƙauyen kuwa ya san ta kamar yunwar cikinsa: wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wace ce ta rasu wurin haihuwa. A falonmu na unguwar Al Mirqab, yana kurɓar shayi, zai jero sunayen mutanen nan kaka da kakanni, ko jariri ba ya tsallakewa. Labarin da ya fi so shi ne na ramin da suka gina a bayan murhu, inda suke ɓoye limaminsu idan 'yan bincike sun zo. Ko a wasiƙa ba sa rubuta sunan limamin, sai dai su ce "baƙonmu".

Ni kuwa 'yar fari ce, Baba kuma Bakatsine ne na gaske. Kunyar ɗan fari ta hana shi kama sunana tun ranar da aka raɗa shi. "Ke" nake, ko "waccan". Na sha ce wa Mama, ina dariya, da ma a rajistar can aka rubuta ni. Ba wasa nake ba. Kishin matattun Turawa nake yi, ga kunyar faɗi. Da ya kwanta asibiti ba a bar mu mun shiga ba, sai ta waya. Maganarsa ta ƙarshe gare ni ita ce, "Ke, ki kula da uwarki."

Ga shi yanzu gasar ƙwallon duniya ta cika mana gari. Da yana nan, na san ba filin wasa zai nufa ba. A unguwar Mushairib, matattarar baƙi, zai kafa sansani, yana tare Turawan Ingila ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowa ƙauyensu.

Makon jiya wata dattijuwa mai kula da takardun cocin ƙauyen ta biyo ɗanta kallon ƙwallo, ta nemi mu haɗu ta yi mini ta'aziyya. Muka haɗu a wani gidan shayi a Mushairib. Ina zama ta kama hannuna.

"Ke ce Rukayya," in ji ta. "Rukayya ta fara tafiya, Rukayya ta ci jarrabawa, Rukayya ta zama likita. Shekara da shekaru mahaifinki ya ishe mu da sunanki. Kaf ƙauyen babu wanda bai san ki ba."

Na roƙe ta ta faɗa mini yadda yake furta shi. Ta gwada da harshenta na Baturiya, ya fito a karkace. Na sa ta maimaita har sau uku, ban ji muryarsa a ciki ba.

Takardunsa suna nan, ɗalibansa suna nan, har a cocin da ba nasa ba ana tunawa da shi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma kishin bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Ƙauye guda sun ji sunana a bakin Baba, ni mai sunan ban taɓa ji ba.

Allah Ya gafarta maka, Baba. Ni ce, waccan.