Yadda Na Yi Wa Alhaji Bandar Kifi a Jamaika

Laraba

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar gidanmu a Greensboro, Amurka, ni da 'yata Hauwa mai aikin jinya. Ita ta matsa sai na je na huta, ni da ko cikin gari ba na shiga sai da dalili. Tun da maigidana Alhaji ya fito daga asibiti, wata biyu ke nan, ba ya cin abin kirki. Ƙanwarsa ce ta zo zama da shi. A bakin ƙofa ya ce, "Ladi, in kin ga kifin da ya san ruwa, ki tuna da ni." Ku mutanen Yawuri kun gane nufinsa. Kifin kantin nan ba kai ba ƙaya, sai ƙanƙara.

Awa ɗaya da rabi a mota zuwa Charlotte, awa uku a jirgi, muka yi azahar a Montego Bay, tsibirin Jamaika.

Alhamis

Hauwa ta kafa doka, ba fita daga otal ni kaɗai. Na ce to. Ƙarfe shida tana barci na yafa mayafi na tare tasi, na ce kasuwar masunta. Direba ya ce, "Mama, wannan kasuwa ba ta baƙi ba ce." Na ce, "Ja mota, ɗana." Minti goma sha biyar, dala goma.

Ƙarnin ne ya fara yi mini maraba. Wani mai tebur ya miƙo mini jan kifi. Na ɗaga kumatunsa, ciki ya dushe. Na danna da yatsa, gurbin ya zauna. Da guntun Turancina na ce, "Na jiya ne." Matan gefe suka kwashe da dariya, ya sunkuya ya jawo na ƙarƙashin tebur. Na zaɓi shida. Ya ɗaga wuƙa zai cire kawunan, yadda yake yi wa Turawa, na riƙe masa hannu.

"Taɓa kan nan ka gani."

Ya ce, "Ashe ke tamu ce."

Wata dattijuwa mai gasa kifi a rabin ganga ta ara mini gefen wutarta. Na rage garwashi, na jera kifin, na rufe da buhu. Ta ce zai bushe ƙayau. Na ce abin da nake nema ke nan. Ƙarfe goma Hauwa ta iso, don na faɗa mata inda nake ta waya.

"Mama, hutu na kawo ki, ga ki cikin hayaƙi."

"Wannan ne hutuna. Riƙe mafici."

Ta riƙe har la'asar.

Asabar

A filin jirgin Charlotte Hauwa ta raɗa mini, "Zubar da kifin nan, za a tsare mu." Na ce ba sata na yi ba. Na buɗe jaka gaban jami'in kwastan da kaina. Ya tambaya ko nama ne, na ce kifi. Ya juya shi, ya toshe hanci, ya ce mu wuce.

Ƙarfe bakwai na yamma muna gida, Alhamdu lillahi. Ban cire mayafi ba na ɗora miyar kuka da tuwo. Alhaji ya ɗauki kan kifi ya tsotse shi tas, ya ce, "Gishirin teku ya yi masa yawa, bai kai na Yawuri ba."

Sannan ya turo kwano. "Akwai saura?"

Na gode wa Allah, na gode wa dattijuwar nan da ko sunanta ban tambaya ba.