Inna ta ce ina kunyata ta tafi

Jiya Inna ta tarar ina yi wa ɗana na fari rawa a tsakar gida. Ta riƙe baki: "Ke! Ina kunyarki ta tafi?"

Na ce, "Na baro ta a asibitin Birnin Kudu, Inna."

Da na haihu, ko kallonsa ba na son yi. Dangi a Gwaram sai yabo, wai kunyar ɗan fari ce, ni kuwa kullum kuka a ɓoye.

Sai a zaman masu jego da nas-nas ke haɗa mu na faɗa. Sista ta ce ciwon damuwa ne, kuma yana warkewa.

Da Inna ta ji, sai ta kama tafa mana.

Ku fa, kun taɓa tambayar mai jego me ke ranta?