Takardar Gonar Morai

Ranar da anka yi cinikin gonar fadamar Morai, mu shidda ne. Akwai maigidana, Allah ya jiƙan shi, da dattijon da ya sayar muna, maƙwabcinmu ne. Akwai liman da sarkin noma, da wanzamin unguwa, wanda ba a kira ba, ƙamshin goro ya jawo shi. Sai ni, bayan zaure, ina tankaɗe ina jin komi.

Da sunka shafa fatiha, na ɗaga murya na ce ma maigidana, "Malam, ba a rubutawa?"

Dattijo ya ce, "Ashe ni ɓarawo ne ban sani ba?"

Maigidana ya dinga ba shi haƙuri kamar na zagi uwa tai. Liman ya ce ga Musulmi biyar zaune, mi takarda za ta ƙara? Sarkin noma ya ce iyaka ko makaho ya san ta, daga aduwa zuwa suri. Wanzami ya ce shi ko daga kabari anka tashe shi zai ba da shaida. Na koma ga rariyata.

Liman ya fara rasuwa, maigidana ya bi shi. Aduwa an sare ta an sassaƙa turmi. Suri ruwa ya tafi da shi. Gonar ita ka ci da ni da jikokina.

Bara, shinkafata ta ɗauki ciki, sai ga babban ɗan dattijon da igiyar awo, wai uban shi aro ya ba mu.

Na tafi Mafara wurin wani tsohon magatakardan kotu. Ya ce, "Inna, ƙasa ba akuya ba ce. In kina son maganarki ta tsaya, a rubuta, a faɗi iyaka, mai saye da mai sayarwa su sa hannu, shaidu su sa, hakimi ya buga hatimi. Ke mi ag gare ki?"

Na ce, "Goro."

"Ina shi?"

"Sun cinye."

Na bi shaiduna. Sarkin noma ya kurumce. Na yi ta ihun gona, shi ko yana amsa mini da jiki ya yi sauƙi. Wanzami kuwa ya aurar da ɗiya tai ga mai igiyar awon nan. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Inna, goron na tuna, fari ne. Maganar ce ta ɓace mini."

Na ce, "To bari in jira ka shiga kabarin, ko can ka tuna."

Matar shi ce ta raka ni ƙofa, ta raɗa mini cewa dattijo na nan da rai a Bakura, gidan ɗiya tai, sai dai jiki ya ƙi.

Wanshekare da asuba na ɗauki magatakarda, da takarda, da tawada, da mutum biyu masu ji da kunnensu, munka shiga motar Bakura. Munka iske shi kwance. Bayan gaisuwa anka rubuta cinikin, anka karanta mishi, wannan karon iyakar da taku, ba da itace ba.

Ya dube ni ya ce, "Matar Malam, har yau ɓarawo kinka ɗauke ni?"

Na ce, "A'a Baba. Mai mutuwa na ɗauke ka, kamar liman."

Ya yi dariya har da tari, ya miƙo babban yatsa. Ni na riƙe shi da kaina na danna bisa takarda. Goron da na zo da shi na ƙuguna, ban kwance ba sai da tawada ta bushe.